Kurkunu: mutum 15 kacal a duniya a 2024, amma tsutsar ta koma jikin karnuka a gaɓar Chari da Logone

A shekarar 2024, mutum 15 kacal aka tabbatar sun kamu da ciwon kurkunu a duk faɗin duniya: 9 a Chadi, 6 a Sudan ta Kudu. Wanda ya tashi a ƙauyukan Mirriya ko Tera a Nijar, ko a arewacin Ghana a shekarun 1980, zai ji wannan adadi kamar almara, domin a wancan zamani unguwa ɗaya kan kwantar da fiye da haka a damina guda. A shekarar 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta karɓi jagorancin yaƙi da cutar, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da ita kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya.

Sai dai akwai wani adadin da ba a cika sa shi a kanun labarai ba. A wannan shekara ta 2024 ɗin, an ƙirga dabbobi sama da 600 da tsutsar ta fito a jikinsu, galibinsu karnuka, kuma mafi yawansu a ƙasashe biyu maƙwabtan juna: Chadi da Kamaru. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Kamaru ce ta zo kan gaba, ƙasar da hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba takardar shaidar rabuwa da kurkunu tun a 2007. Wannan adadi na biyu shi ne zai yanke hukunci a kan ko za a ga bayan cutar nan da 2030 kamar yadda aka tsara, ko kuwa za a sake ɗage wa'adin kamar yadda aka sha yi.

Shekara guda a ɓoye

Duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa ƙarshen wannan yaƙi ya yi tsawo, sai ya fara sanin yadda tsutsar take rayuwa, domin a nan dukkan matsalar take.

A cikin ruwan da ba ya gudu, kamar tafki, kududdufi, ko ragowar ruwan da kogi ya bari bayan ya janye, akwai wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu. Su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, su riƙe su kamar mako biyu har su ƙosa. Idan mutum ya sha ruwan ba tare da tacewa ba, ƙwaron zai narke a cikinsa, 'ya'yan tsutsar su huda hanji su shige cikin jiki. Namijin yakan mutu bayan barbara. Macen kuwa ta ci gaba da girma a hankali har ta kai kusan mita guda, siririya, fara kamar zare. Duk tsawon wannan lokaci, wata 10 zuwa 14, mutum ba ya jin komai. Babu zazzaɓi, babu alama, babu wani gwajin asibiti da ake yi wa matafiyi a gane yana ɗauke da ita.

Daga nan sai bororo ya taso, galibi a ƙafa ko idon sawu, da raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. Abin da kowa zai yi shi ne ya tsoma ƙafar cikin ruwa don ya ji sanyi, kuma abin da tsutsar take jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta amayar da dubban ɗaruruwan 'ya'ya. Ƙafa ɗaya, tsomawa ɗaya, ta isa ta ɓata tafkin da gari guda ke sha.

Babu maganin da ke kashe ta a cikin jiki, babu allurar rigakafi, kuma wanda ya yi ta bana ba ya samun kariya daga ta baɗi. Har yau hanyar cire ta ita ce wadda kakanni suka sani: a naɗe ta a tsinke ko ɗan ƙyalle, a riƙa ja kaɗan-kaɗan kowace rana, wani lokaci har makonni. Idan ta tsinke, wurin ya kumbura ya yi mugunya, wasu su ƙare da gurguwar gaɓa, wasu cutar tetanus ta shiga ta wurin. Kurkunu ba ya yawan kisa. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da manomi daidai lokacin noma ko girbi, shi ya sa Dogon na Mali suke kiransa ciwon rumbu wayam.

Wannan tazara ta shekara guda tana da ma'ana biyu ga mai bin labarai. Ta farko, adadin da ake sanarwa a watan Janairun kowace shekara ba hoton yau ba ne, hoton ruwan da aka sha bara ne. Ta biyu, inda tsutsar ta fito ba lallai ne a nan aka sha ta ba.

Yadda aka ci nasara a yamma

Ƙasashen da Hausawa suka fi yawa sun riga sun gama da cutar, kuma ba da wata fasaha mai tsada ba. Najeriya ta ƙirga mutum sama da 650,000 a bincikenta na farko a ƙarshen shekarun 1980, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya. Na ƙarshe da ya kamu a can an same shi a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013. Nijar ta fara da kusan 33,000 a 1991, ita ma ta ga na ƙarshe a 2008 ta kuma karɓi takarda a 2013. Ghana, wadda ta ƙirga kusan 180,000 a 1989, ta ɗan daɗe tana fama a yankin Savelugu kafin ta kai ga na ƙarshe a 2010 da takarda a 2015.

Makaman ba su da yawa: ƙyallen tacewa a bakin randa, ɗan bututu mai raga da makiyayi ko manomi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da shi a daji, wani magani mai suna Abate da ake zubawa a tafki wata-wata don kashe ƙwarin, rijiyoyin burtsatse inda aka samu hali, sai kuma 'yan sa-kai na ƙauye da ke zagaya gida-gida suna duba ƙafafu. Manyan mutane sun sa baki, irin su Janar Yakubu Gowon a Najeriya da Amadou Toumani Touré a Mali, waɗanda suka riƙa shiga ƙauyuka suna matsa wa gwamnoni da ministoci. A 1995 Jimmy Carter har tsagaita wuta ya samo a yaƙin basasar Sudan, wadda ta ɗauki kusan wata 6, don ma'aikata su shiga yankunan da cutar ta yi katutu.

Dukkan wannan tsari an gina shi a kan tunani ɗaya: mutum ne kaɗai ke ɗauke da tsutsar. Idan ka hana mutum shan gurɓataccen ruwa, ka hana mai ciwo tsoma ƙafa, shi ke nan zaren ya yanke. A Najeriya, Nijar da Ghana, tunanin ya yi aiki. A Chadi ne ya ci tura.

Abin da ya faru a Chadi

Chadi ta shafe kusan shekara 10 ba ta ba da rahoton ko mutum ɗaya ba, har ana shirin ba ta takarda. A 2010 tawagar da ta zo tantancewa ta ci karo da masu cutar, aka ƙirga 10 a shekarar. Ana iya cewa cutar ta dawo. Ana kuma iya cewa ba ta taɓa tafiya ba, ido ne aka ɗauke daga kanta. Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin tsutsar da ba ta wuce shekara guda a jiki ba za ta yi shekara 10 tana jira a sarari ba. Dole akwai jikin da take bi.

Yanayin cutar ma ya bambanta da abin da aka saba. A da, tafki ɗaya kan kama mutum 50 ko 100 a ƙauye guda. A Chadi kuwa sai a ga mutum ɗaya a nan, ɗaya a can, a ƙauyuka masu nisa da juna a gefen kogin Chari, kuma da wuya ƙauyen da ya yi bana ya sake yi baɗi. A 2012 aka fara lura da karnuka masu farin zare a ƙafa, guda 27. Zuwa 2016 sun haura 1,000. A 2019 sun kusa 2,000. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa tsutsar karnukan da ta mutanen iri ɗaya ce, ba wata 'yar uwarta ba.

Ta yaya kare yake kamuwa? A nan ne maganar su ta shigo. Ƙarshen rani, lokacin da Chari da rassansa suka janye suka bar tafkuna cike da kifi, ƙauyuka kan fita su na gayya. Ana feɗe kifi a bakin ruwa, a shanya wasu, a yi bandar wasu, kayan cikin kuma a watsar. Ƙananan kifaye suna cin ƙwarin nan masu ɗauke da 'ya'yan tsutsa, don haka hanjin kifin da aka jefa wa kare ɗanye na iya zama daidai da kofin gurɓataccen ruwa. Masu bincike sun kuma sami 'ya'yan tsutsar a jikin kwaɗi. Kare kuwa ba a koya masa tace ruwa, ba a hana shi shiga tafki idan ƙafarsa na zafi. Shi ne yake mayar da tsutsar cikin ruwa kowace shekara, mutum kuma ya riƙa faɗawa jefi-jefi, ta hanyar ruwa ko kifin da bai dahu sosai ba.

Kada a ɗauka cewa tsohon salon ya ɓace. A 2019 a wani ƙauye mai suna Bogam a yankin Salamat, ruwa guda ya kama mutane da dama lokaci ɗaya, abin da ya kai adadin Chadi na shekarar kusan 50. Wato ko yaushe garwashin da karnuka ke riƙe da shi na iya zama gobara, muddin akwai garin da ke shan tafki.

Martanin hukumomi shi ne su bi kare. An sa tukuicin CFA 50,000, wato jika 50, ga wanda ya kai rahoton mutum mai kurkunu da aka tabbatar, da jika 10 ga wanda ya bayyana karensa ya kuma ɗaure shi har tsutsar ta gama fita. An riƙa kira ga masunta da mata masu gyaran kifi su binne kayan ciki ko su ƙona. Daga 2020 aka ƙara da wani mataki da aka aro daga yankin Gambella na Habasha: a ƙauyukan da suka fi haɗari, ana ɗaure dukkan karnuka tsawon watannin da cutar ke tashi, masu ciwo da marasa ciwo, ana taimaka wa masu su da abinci. Dabarar tana da wahala da tsada, amma ta yi tasiri. Daga kusan 2,000 a 2019, dabbobin da suka kamu a Chadi sun sauko ƙasa da 300 a 2024.

Wani zai ce, me ya hana a kashe karnukan a huta? Tambayar takan taso a majalisa, musamman a tsakanin al'ummomin da kare ba shi da daraja a wurinsu. Amsar ita ce a ƙauyukan nan kare shi ne mai gadin gida, gona da awaki, kuma abokin farauta. Ranar da aka fara kashewa, ranar za a fara ɓoye kare mai ciwo, kuma shirin gaba ɗaya ya dogara ne a kan mai kare ya fito da kansa ya ce ga shi. Ban da haka, an ga tsutsar a jikin kyanwoyi, a Habasha har da gwaggon biri na daji. Waɗannan ba wanda zai ɗaure su.

Kogi ɗaya, ma'aikatu biyu

Yayin da adadin Chadi ke sauka, na Kamaru hawa yake yi. Kusan dukkan dabbobin da suka kamu a Kamaru suna wuri ɗaya ne: gundumar lafiya ta Guéré a jihar Arewa Mai Nisa, a gaɓar Logone, daura da yankin Bongor na Chadi. A 2019 aka ga mutum na farko a can bayan shekaru masu yawa, sannan karnuka suka biyo, daga 'yan kaɗan zuwa ɗaruruwa.

Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba. Logone iyaka ce a taswira, amma a ƙasa hanya ce. Dangi ɗaya ne a gaɓa biyu, kasuwanni na ci da juna, kwalekwale na kai da kawowa da mutane, kifi da karnuka. Da farko an riƙa bayyana abin da ake gani a Guéré a matsayin cutar da ke tsallakowa daga Chadi. Wannan bayani ya yi wa kowa daɗi, domin yana kare takardar shaidar Kamaru. Amma idan ƙauyuka iri ɗaya suna ba da karnuka ɗaruruwa shekara bayan shekara, da wuya a ci gaba da cewa baƙuwa ce. Ta zauna.

A nan ne raunin tsarin yake fitowa. Ƙasar da aka ba takarda takan sassauta: ma'aikata su koma wasu ayyuka, 'yan sa-kai su watse, kuɗi su tafi ga maleriya, kwalara da shan inna, waɗanda suke kashe mutane a yau. Ba laifi ba ne a ce ministan lafiya a Yaoundé ya fi damuwa da kwalara a Kousseri fiye da zare a ƙafar kare. Amma sakamakon shi ne gaɓa ɗaya ta kogi tana ɗaure karnuka tana zuba Abate, ɗaya gaɓar kuma sai daga baya ta fara. Tsutsar ba ta san wace ƙasa ce ke da takarda ba. Irin wannan ya faru a kudu, inda Afirka ta Tsakiya, ita ma mai takarda, ta sami mutum ɗaya a 2022 da wani a 2023 kusa da iyakar Chadi.

A 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa Bongor da Yagoua a kan Logone. Abin murna ne ga 'yan kasuwa, kuma ba wanda zai so a koma zamanin jiran jirgin fito. Amma gadar na nufin zirga-zirga za ta ƙaru daidai tsakiyar yankin da ya fi ko'ina kurkunu a duniya a yau. Ga kuma ambaliyar 2022 da ta 2024, waɗanda suka raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu a Chadi da arewacin Kamaru, suka nutsar da rijiyoyi, suka bar sababbin kududdufai a wuraren da ba sa cikin jerin masu zuba magani.

Matafiyi, wanda ba ya cikin rajistar kowa

Ina ruwan Bahaushen Njamena, Kousseri, Marwa ko Sarh da wannan? Da yawa za su ce su ba sa kiwon kare, ruwan famfo suke sha ko na leda. Gaskiya ne, a cikin gari. Amma a wannan yanki Hausawa sun yi suna a sana'o'in da ke kai mutum bakin ruwa: su, fataucin busasshen kifi da banda, dillancin dabbobi, tuƙin mota, ci-rani, yawon almajiranci. Mai sayen banda da ya kwana uku a sansanin masunta a gefen Chari, abin da suka sha shi zai sha, kifin da aka gasa sama-sama shi zai ci. Bayan wata 12 yana iya kasancewa a Diffa, Maiduguri, Garwa ko Abeche.

Tarihin cutar cike yake da irin wannan. A 2006 wani almajiri guda ya taka daga yankin Gao zuwa wani ƙauye a yankin Kidal na Mali, inda ba a san cutar ba, tsutsa ta fito masa a can ya shiga ruwa. A shekaru biyu da suka biyo baya mutane ɗaruruwa suka kamu. A 2012 Nijar, shekara 4 bayan ta ga nata na ƙarshe, ta kama mutum 3 da suka shigo da ita daga Mali. A 2017 Habasha ta ƙirga mutum 15, 'yan ci-rani daga yankin Oromiya da suka sha tafki ɗaya a wata babbar gona a Gambella, suka koma garuruwansu kafin tsutsar ta fito.

Tsarin sa ido kuwa an gina shi ne a kan ƙauye: ɗan sa-kai ɗan garin ne, ya san kowane gida da kowane kare. Baƙon da ke zaune a rumfa a bakin kogi wata biyu ba ya cikin littafinsa. Saƙonnin faɗakarwa ana yin su ne da Faransanci, Larabcin Chadi da harsunan ƙauyukan da abin ya shafa; baƙo na iya wuce allon da aka rubuta ver de Guinée bai san kurkunu ake nufi ba. Wanda takardunsa ba su cika ba kuma, ko wanda ya saba da cewa duk wata hulɗa da hukuma tana ƙarewa da biyan kuɗi, ba zai yi saurin kai kansa asibiti don ƙurji a ƙafa ba. Zai nemi wanzami ko mai magani a zango.

Akwai kuma mantuwa, wadda a ganina ita ce haɗari mafi girma a ƙasashen da suka warke. Matashin da aka haifa a Nijar ko Najeriya bayan 2000 bai taɓa ganin kurkunu ba. Ƙaramin ma'aikacin jinya a asibitin karkara wataƙila a littafi kawai ya karanta. Kaka ce za ta gane shi da kallo ɗaya. Ƙa'idar masu yaƙi da cutar ita ce a gano mai ita cikin awa 24 da fitowar tsutsa, kafin ya shiga ruwa. Idan aka yi kwana 10 ana shafa man zafi ana cewa sammu ne ko ƙaya ce, kuma mutumin yana alwala ko wanka a bakin tafki, an riga an makara da shekara guda.

Abin da ya rage ga mai karatu ba shi da yawa, kuma ba ya buƙatar kuɗi. A bakin ruwa, a tace ko a tafasa, ko da da gefen rawani mai ƙaramin ido ne idan babu matacin da ake rabawa. Kifi ya dahu har ciki. Kayan ciki a binne. Bororo mai zafi a ƙafa, ko farin zare da ya leƙo daga ƙurji, a jikin mutum ko dabba, kada a kusanci ruwan jama'a, kada a ja da ƙarfi, a kai rahoto asibiti mafi kusa, a kuma faɗi gaskiyar inda aka je bara. Magani kyauta ne, kuma tukuici ba a Chadi kaɗai ake bayarwa ba. Sarakunan Hausawa, shugabannin masunta, na tasha da limaman zango su ne za su iya isar da wannan inda ma'aikacin gwamnati ba ya kaiwa. Abin mamaki ne yadda ba a cika neman su ba.

Kuɗi, yaƙi da lissafin 2030

Ƙasashe 6 ne OMS ba ta ba takarda ba har yanzu: Chadi, Mali, Sudan ta Kudu, Habasha, Angola da Sudan. Kowace da irin nata cikas. A Mali, yankunan Mopti da Segou inda ake samun karnuka masu cutar su ne kuma inda rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga ƙauyuka da dama, don haka ƙaramin adadi daga can ba ya kwantar da hankali. Angola ba ta taɓa sanin tana da cutar ba sai a 2018, lokacin da aka gano ta a lardin Cunene kusa da iyakar Namibiya. Sudan ta daɗe ba ta ga mai cutar ba, tun 2013, kuma tana dab da karɓar takarda lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Yau ba wata tawagar tantancewa da za ta iya zagaya Darfur.

Sai maganar kuɗi. Kowane mutum ɗaya da ya rage yana cin kuɗi fiye da dubu a da, domin sai an sa ido a kan dubban ƙauyuka, an bi dubban jita-jita, kafin a sami tsutsa guda. Masu bayarwa kuma suna gajiya. Birtaniya ta janye tallafinta ga cututtukan da aka yi watsi da su a 2021. Amurka ta sanar da ficewa daga OMS a watan Janairun 2025 ta kuma rushe yawancin ayyukan hukumarta ta agaji, alhali ɗakin binciken da ke tabbatar da tsutsotsin da ake aikawa daga Afirka yana hukumar CDC ne a Atlanta. Shirin kurkunu ya fi wasu sa'a, domin kaso mai yawa na kuɗinsa daga gidauniyoyi masu zaman kansu da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yake fitowa. Amma asibitocin karkara da yake dogaro da su ba su da wannan sa'a. Jimmy Carter, wanda ya sha faɗin burinsa na ganin tsutsa ta ƙarshe ta riga shi mutuwa, ya rasu ranar 29 ga Disamban 2024 yana da shekara 100, kuma babu wani mai irin nauyinsa da zai ɗaga waya ya kira shugaban ƙasa a kan maganar tafki. A watan Mayun 2025 babban taron OMS a Geneva ya amince da ƙudurin hanzarta kawar da cutar, wanda Chadi ta jagoranta. Ƙuduri abu ne mai kyau, amma ba ya sayen igiya ko abincin kare.

Idan aka yi nasara, kurkunu zai zama cuta ta biyu ta ɗan Adam da aka shafe daga doron ƙasa bayan agana a 1980, kuma ta farko da aka shafe ba da allura ko magani ba. Amma sharaɗin ya ƙara tsauri. Yanzu ba a ba ƙasa takarda sai ta yi shekara 3 a jere babu tsutsa ko ɗaya, a mutum ko a dabba, tare da sa ido mai ƙarfi da zai gamsar da masu tantancewa. Duk wanda ya iya lissafi zai ga abin da wannan ke nufi: don a cika wa'adin 2030, kare na ƙarshe a Guéré da Bongor dole ya warke kafin shigowar 2027 ko jim kaɗan bayan haka. Tsutsar da za ta fito baɗi kuwa tuni tana cikin jikin wanda ya sha ruwan bana.